Sunan da Ya Rage a Aljihu

Ku yaran yanzu da kuke ɗaura lasifika a kan mota kuna zagaya gari, gani kuke shela ba komai ba ce illa buɗe baki. Ɗayanku ma ya ce da ni rannan wai duk mai maƙogwaro sanƙira ne. Na ce masa to ai jaki ma yana da maƙogwaro, ya fi nawa kauri, amma ban taɓa ganin hakimi ya aike shi kasuwa ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina shela a ƙasar Makarfi tun zamanin Turawa, ba na'ura, ba takarda, daga ni sai ƙugena. Ku gyara zama in gaya muku yadda ake yin ta, da kuma rana ɗaya tak da na karya dokarta da gangan.

Aikin farko da maigidana Sanƙira Mati ya ba ni, cigiyar akuya ce. A lokacin har na yi aure, ina ganin kaina cikakken mutum. Wata mata daga Kudan ta ɓatar da akuya ja mai farin goshi, kunnenta na hagu a tsage. Na hau tudun 'yan rake a kasuwa, na buga ƙuge, na ce jama'a ana cigiyar wata kyakkyawar akuya ja mai farin goshi. Ina saukowa Mati ya ƙwanƙwashe ni a bayan hannu da ƙahon da ake buga ƙugen. Ya ce, "Wa ya ce maka kyakkyawa ce? Kuma ina ka jefar da kunnen?" Ya ce, "Mai shela mudu ne. Abin da aka zuba maka shi za ka juye, ba ƙari, ba ragi." Shekara huɗu na yi ina bin sa, kuma duk karatun da ya koya mini bai wuce wannan ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙuge, wato ƙarfen nan mai baki biyu, da ƙahon gada na buga shi. Akwai citta da kimba da ɗan zuma a kurtu saboda murya. A ƙasar da rake ya fi ciyawa yawa, ban taɓa shan sa ranar aiki ba, don yana dasar da murya, haka ma ruwan randa mai sanyi. Sai kuma ƙwallayen tsamiya, waɗanda su ne takardata, tun da ban yi boko ba. In saƙo yana da gaɓa bakwai, sai in zuba ƙwallo bakwai a aljihun dama. Duk gaɓar da na faɗa, in mayar da ƙwallonta aljihun hagu. In dama ta zama wayam, na gama ke nan.

Na yi shelar suna da ɗaurin aure, na yi ta masu lamba in za su zo yi wa yara, na yi ta fita kashe fara, na yi ta ɓatan shanun Fulanin da ke sauka wajen Kurmin Kogi. Masu suna sun fi kowa daɗin sha'ani. Waɗanda suka fi wahala su ne masu cigiya, don kowa so yake ka zagi ɓarawon da bai gani ba. Amma a duk shekara akwai aiki ɗaya da tun ana saura mako nake jin nauyinsa a ƙirji, shi ne ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi.

Ku kun san ta a watan Janairu, don bayan yaƙin basasa aka mayar da ita can. A zamaninmu ranar sha ɗaya ga watan sha ɗaya na Turawa ce, da ƙarfe sha ɗaya na hantsi, wai a daidai wannan sa'a bindigogi suka yi shiru a yaƙin Jamus na fari. Da can a barikin soja kawai ake yi, mu sai dai labari. Bayan yaƙin Bama, da yake an kwashi samarinmu da dama, sai aka kawo mana ita har ƙofar hakimi. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai, ana cirar auduga. A kafa tuta, wani ƙaramin Bature ya zo daga Zariya a kan doki, tsofaffin sojoji su jeru da lambobinsu a ƙirji, kowa da jan fure na takarda a maƙale a riga. Wani tsohon kofur ya busa bigila, ni kuma in kira sunayen waɗanda ba su dawo ba. In na gama, malamin hakimi ya dubi agogon aljihunsa ya gyaɗa mini kai, in buga ƙuge sau ɗaya, kowa ya yi tsit har minti biyu, sannan in sake bugawa.

Shirun nan shi ne abin da mutanenmu suka kasa sabawa da shi. Mu a wurinmu ba a yi wa mamaci shiru, addu'a ake yi masa. Sai Liman ya ce kowa ya karanta Ƙulhuwallahu a ransa, Bature ya samu shirunsa, matattu su samu rabonsu. Duk da haka, ku ba ku taɓa jin garin Makarfi ya yi shiru da rana kata ba. Masu daka su tsaya da taɓarya a sama, maƙera su ajiye masaba, uwa ta toshe bakin jariri da nono. Har jin motsin tutar kake yi. Tsofaffi suna cewa ba kyau gari ya yi irin wannan shiru, don akwai waɗanda ba sa samun hanyar shigowa sai an daina hayaniya.

Sunaye goma sha huɗu ne a takardar da ta zo daga sama. Malamin hakimi ya karanta mini su sau biyu na haddace. A shekarar farko na zuba ƙwallo goma sha huɗu a dama, na kira sunaye goma sha huɗu, na sa hannu don in tabbatar, sai na taɓa ƙwallo ɗaya a kwance a kusurwar aljihu. Na ce a raina na tsallake wani. Bayan an watse na tambayi malamin, ya ce yana bi na da yatsa a takarda, ban bar kowa ba. Na juye aljihun hagu, goma sha huɗu cif. Shekara ta biyu na zazzage rigar tukuna, na ƙirga a gaban matata, na zuba. Aka gama, ga ƙwallo ɗaya ya rage. Ban gaya wa kowa ba, don mai shelar da aka ce ƙidaya na ruɗa shi ya gama aiki. Amma tun daga nan, duk lokacin shirun nan sai in ji kamar akwai mutum tsaye a bayana, kamar mai jiran a zo kansa a layi.

Suna na tara a jerin shi ne Tanko Nasarawan Doya. To, Tanko bai mutu ba. Takardar mutuwarsa ta riga shi isowa gida da shekara guda. Aka yi masa salla ba gawa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matarsa ta yi takaba ta fita ta yi aure, 'yan'uwa suka raba gonarsa. Rannan da hantsi sai ga shi ya shigo gari da ƙafarsa, ya rame kamar kara. Mata suka watsar da tulunansu a bakin rijiya. Liman ya yi ta faɗa cewa mutum ne ɗan'uwanmu, ba fatalwa a Musulunci, amma kun san halin mutanenmu da takarda. Suka ce Bature da ya ƙirga gawarsa bai fi mu sani ba? Ga shi kuma duk shekara Sanƙira yana kiran sa cikin matattu a gaban hakimi.

Ba wanda ya kore shi a lokacin, amma ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi. In ya yi sallama, sai a amsa a ciki-ciki ana kallon wani wuri. A masallaci sai ka ga an bar gurbin mutum guda a damarsa, guda a hagunsa. Ya yi 'yar bukka a bakin fadama yana noman rake. Kuma duk ranar tunawa sai ya zo, ya tsaya can ƙarƙashin ɗorawa shi kaɗai, ya ƙame irin ta soja, ya ji ina kiran sunansa. Malamin hakimi ya taɓa ce masa in ya je Zariya da shaidu biyu za a gyara takardar. Tanko ya yi godiya, bai je ba.

Akwai kuma wata tsohuwa da ba ta fashin zuwa, Iya Tabawa daga Dandamisa. Ɗanta Ilu, shi kaɗai gare ta, ya tafi yaƙin tare da su Tanko. Ba a kawo takardar mutuwarsa ba, ba a kuma gan shi ba, an dai ce ba a san inda yake ba. Takan zauna a gefen mata ta kasa kunne, in na kai ƙarshe ta tashi ta kaɗe zanenta. Mutane su ce, "Iya, bana ma ba a kira shi ba." Ita kuwa ta ce, "Ba a kira shi ba." Duk mun ɗauka murna take komawa da ita gida.

Shekara ta shida ita ce muguwar shekara. Da bazara sanƙarau ya shigo, ya bi ta Ikara ya gangaro mana. Na yi shelar hana taro har muryata ta dushe, na yi wata biyu ban yi shelar suna ko ɗaya ba, sai ta jana'iza. A Nasarawan Doya abin ya fi tsanani, kuma gidajen da ke kusa da fadama aka fara ɗauka. Ba a daɗe ba magana ta tashi, wai mataccen da ya ƙi kwanciya shi ke jan rayayyu. Dattawan garin suka yanke cewa da zarar an shigar da dawa rumbu, Tanko ya nemi wata ƙasa. Mutumin da ko a garinsu ba a ci da shi, ina za shi? Na san kuma hujjarsu a bakina take.

Saura kwana uku ranar tunawa na tafi wurinsa da azahar. Na same shi yana ɓare ganyen rake. Na yi sallama da ƙarfi irin ta mai shela, har ya ɗan razana. Muka gaisa, ya aiki, ya iyali, ya haƙurin waɗanda aka rasa. Ya yanko rake ya ajiye a ƙasa tsakaninmu, don ya saba ba a karɓa daga hannunsa. Na ɗauka na sha, ban damu da murya ba.

Na ce, "Tanko, don Allah me ya hana ka zuwa Zariya? Ga ni, zan yi maka shaida."

Ya ce, "Sanƙira, in an cire ni, sai an tambaya wa aka binne."

Na ce, "To wa aka binne?"

Ya ce kowane soja yana da lamba a wuya mai ɗauke da sunansa, kuma shi tasa a igiya ɗaya take da layar da mahaifiyarsa ta ba shi. Ranar da za su haye wani kogi a Bama, Ilu na Dandamisa yana fama da zazzaɓi, igiyarsa ta tsinke ta ɓace a daji, jikinsa sai rawa yake, yana cewa ba zai haye ba tsirara. Tanko ya cire tasa, laya da lamba gaba ɗaya, ya rataya masa. A tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta. Ya ga Ilu ya faɗi, shi kuma ruwa ya tafi da shi, sai bayan watanni aka tsince shi a wani ƙauye. Waɗanda suka binne Ilu abin da ke wuyansa suka karanta.

Na ce, "Shekara biyar kana riƙe da wannan? Ba ka gaya wa uwarsa ba?"

Ya ce, "Can na fara zuwa kafin in shiga garinmu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura ta miƙo mini hannu da hannu. Sanƙira, har yau ita ce ta ƙarshe da ta miƙo mini abu a hannu. Ta ce yaushe Ilu zai zo? Na ce yana hanya." Ya share fuska da gefen riga. "Ka bar shi yadda yake. Sadakar da aka yi da sunana, na roƙi Allah ya kai masa. Kuma in ka kira ni, ai ka ga ba na amsawa. Amma ina jin ana amsawa."

Na ce, "Daga ina?"

Ya ce, "Daga bayanka."

Nan na gaya masa zancen ƙwallon tsamiya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Shi ne. Ko a bariki Ilu ba ya barin layi sai an kira shi." Sannan ya riƙe hannun rigata ya ce kada in kuskura in faɗi sunan Ilu, gara shi ya bar gari da a kashe tsohuwar nan da rana tsaka.

Na koma gida ina juya abin. Maigidana Mati ya riga ya rasu, amma ƙwanƙwasar nan tasa tana nan a bayan hannuna. Ba ƙari, ba ragi. Ga takarda daga sama, ga hakimi, ga Bature, ga tsohuwa da aka ce da wannan shirun take rayuwa. Ga kuma mai rai da nake binnewa da bakina duk shekara, da mamacin da ko gumba ɗaya ba a raba da sunansa ba. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ranar ta zo. Jama'a ba su kai na bara ba, cuta ta rage mu. Aka busa bigila. Iya Tabawa tana gefen mata, a kan jaki aka kawo ta bana, don idonta ya fara tafiya. Tanko yana ƙarƙashin ɗorawarsa. Na zuba goma sha huɗu a dama, na fara. Na ɗaya, na biyu, har na takwas. Na kama ƙwallo na tara, na ji wanda ke bayana ya matso har iskarsa tana taɓa mini ƙeya. Na cika ƙirji, na ɗaga murya yadda za a ji ni har kasuwa, na ce, "Ilu Dandamisa!"

Wata mata ta yi salati. Malamin hakimi ya ɗago kai daga takarda ya zuba mini ido. Baturen bai lura ba, shi duk sunayenmu ɗaya ne a kunnensa. Na ƙarasa biyar ɗin da suka rage, na sa hannu a aljihun dama, na laluba kusurwa da kusurwa. Wayam. Malamin ya gyaɗa kai da ƙyar, na buga ƙuge. A duk shekarun nan ban taɓa jin shiru mai sauƙi irin wannan ba. Bayana ba kowa, sai rana.

Daga baya hakimi ya karɓe ƙugen na wata uku, kuma da gaskiyarsa, mudun da ya fara zaɓen abin da zai juye ba mudu ba ne. Kada waninku ya ce na koya masa sauya saƙo. Amma wannan daga baya ne. A ranar, ina buga ƙuge karo na biyu, na ga mutane suna darewa. Iya Tabawa ce tafe da sandarta, tana laluben hanya, har ta tsaya a gabana. Na durƙusa, na kasa ɗaga ido.

Na ce, "Iya, ki gafarce ni."

Ta ce, "Ɗan nan, kun daɗe." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Tun ranar da yaron can ya sha furata yana kallon ƙasa na sani. Wanda abokinsa ke hanya ba ya kallon ƙasa. Amma uwa ba ta fara cewa ɗanta ya mutu, sai an gaya mata. Shekara shida ina zuwa in ji ko akwai namiji ɗaya a ƙasar nan da zai faɗa. Geron sadakarsa yana nan a tukunya, duk kaka sai in juye in zuba sabo."

Ta juya tana neman ɗorawa da idon da ba ya gani sosai. Ta ce, "Tanko, zo nan, ka bar tsayuwa cikin matattu, ba wurinka ba ne." Ya baro gindin ɗorawar ya taho. Ta kama hannunsa a gaban hakimi da dattawan garinsu da kowa, ta riƙe gam. Sannan ta ce da ni, "Ranar sunansa maigidanka ne ya yi shela, sau uku ya faɗa. Kai sau ɗaya ka faɗa. Cika mini biyun."

Na miƙe ban nemi izinin kowa ba. Na kira Ilu Dandamisa, na sake kiran Ilu Dandamisa. Sai Tanko ya buɗe baki, da muryar da ta daɗe ba a ji ta a taro ba, ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Filin nan gaba ɗaya ya ce amin, har da dattawan Nasarawan Doya. Tun da ya dawo daga Bama, wannan ce magana ta farko da ya yi jama'a suka amsa masa da ƙarfi.